Hunturun da Ya Cinye Garken Eduvina

Duk wanda ya zauna a kwarin da ke saman Lonquimay, can gindin duwatsun da suka raba Chile da Ajantina, ya san Eduvina Curilef. In bai san fuskarta ba, ya san muryarta. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, da kitso biyu har gadon baya. Tana da wani kira da take ƙwala wa awakinta, in ta sake shi daga bakin rafi sai ka ji dutsen ƙetare ya maido mata da shi. Shekara biyu ta yi a makaranta aka cire ta, sunanta ma da ƙyar take rubutawa. Amma in zancen hunturu ya taso, har maza masu furfura kan yi shiru su ji me za ta ce.

Wurin ubanta Rudecindo ta koya. Kowace kaka, wadda a can kudancin duniya take faɗowa cikin watan Maris, yakan tafi da ita dajin pewen, manyan itatuwan nan masu kai kamar lema, su tsinci 'ya'yansu da ake kira piñon. Shi ne hatsin mutanen dutse, a dafa shi, a gasa shi, a niƙa shi a yi gari. Rudecindo mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. Suna tsinta yana nuna mata abubuwa.

"Kin ga ƙadangaren can? Yau da gobe suka rage masa. Zai shige ƙarƙashin dutse ya sandare kamar kara, ba ci ba sha, sai rana ta dawo. Malalacin banza, amma ban taɓa jin yunwa ta kashe shi ba."

Ya nuna mata itatuwan da ke zubar da ganye tun sanyi bai kankama ba, don kada dusar ƙanƙara ta sami abin kamawa ta karya su. Pewen kuwa ko ganye ɗaya ba ya saki. Ganyensa tauri kamar bakin mashi, in nauyi ya yi wa rassan yawa sai su sunkuya, kayan ya zame ya faɗi ƙasa. Wata rana har ramin ɓera ya tona mata, ta ga piñon a tare kamar an cika rumbu.

"Mu fa, Baba? Mu me muke yi?"

"Mu? Ba mu da gashi, ba mu iya barcin wata huɗu ba. Irin tsuntsayen aku ne mu, 'yar baba. In dutse ya ɓata rai, sai mu tattara mu sauka."

Haka kuwa ake yi tun kaka da kakanni. A watan Disamba, da ƙanƙara ta narke, sai a kora dabbobi zuwa makiyayar sama. A watan Afrilu a gangaro da buhunan piñon zuwa bakin babban kogi, inda dusar ba ta wuce idon sawu, ga gorar daji mai ɗanyen ganye da dabba za ta ci har sanyi ya wuce.

Tana da shekara goma sha tara ta auri Nemesio Paillán, kuma ita ta zaɓo abinta. Dogo ne siriri, gwanin horar da doki, mutumin da ko wurin makoki sai ya sa wani ya danne dariya. Sun haifi uku. Biyu ciwon ƙirji ya ɗauke su tun suna goye, mace ɗaya, Zoila, ta rayu. Shekara da shekaru maƙwabta na jin su suna caccakar juna.

"Tsohuwa, wannan shayin ganyen mate naki ruwan wanki ne ko me?"

"In bai yi maka ba, je ka goɗiyarka ta dafa maka. Ai ita ce matar so."

"Ita dai ba ta da baki irin naki."

"Shi ya sa take haƙuri da kai."

Zoila na da shekara goma suka gangaro wata kaka, da awaki a gaba da buhuna a bayan shanu, suka tarar da shingen waya daga bakin kogi har gindin tudu. A bayan shingen an sare gorar an ƙone, an jera 'yan tsiron itatuwan katako layi layi. Wani mutum da hular kwano ya fito daga rumfa, riƙe da takarda.

"Ba hanya nan, Baba. Kamfani ya sayi wurin."

Nemesio ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. "Wurin wa ya saya? Kakana nan aka binne shi, ga tarin duwatsun can."

"Ni aiki aka sa ni. Ga takarda, in kun iya karatu."

Eduvina ta matso. "To ina za mu kai dabbobin, ɗan nan? Ka ɗaga kai ka dubi dutsen. Nan da sati uku fari zai yi fat."

Mutumin bai ɗaga kai ba. Ya ce su je gari su kai ƙara. Sun je kuwa, su da sauran gidaje shida, sau ba adadi. Kullum a ce su dawo wata mai zuwa, har Rudecindo ya mutu ba a gama dawowa ba.

Da suka rasa wurin sauka, sai suka kafa gidan katako a tsakiyar gangare, inda a da ko kwana ba a yi bayan Afrilu. Eduvina ta koma yin abin da ta ga halittun dutse na yi. Duk lokacin zafi tana yankan ciyawa tana shanya ingirici. Ta haƙa rami kusa da marmaro ta zuba piñon, ruwan sanyi na bi ta kansa don kada ya lalace. Ta koya wa awakinta cin gansakukar nan mai furfura da ke reto a rassan itatuwa, wadda ake kira gemun tsoho. Hunturu goma sha huɗu suka yi a haka. Kowace shekara a rasa biyar, a rasa takwas, amma garken na mayar da kansa. Zoila ta girma ta tafi birnin Temuco aikin gidan wasu masu hali, ta yi aure can.

Shekarar da abin ya faru, awakin Eduvina sittin da uku ne, ga shanun huɗa biyu da goɗiyar Nemesio. Tun watan Mayu hankalinta bai kwanta ba. Tsuntsayen aku sun watse tun piñon bai ƙare a ƙasa ba. Ɓeraye suka cika mata ɗaki, har cikin takalmi take samun abin da suka ɓoye.

"Tsoho, ka je ka sauko da shanun nan daga kwazazzabon sama."

"Ai can suna cikin ni'ima, ga ciyawa ga mafaka. In na kawo su yanzu, ingiricin awakinki za su cinye, ki hana ni sakat."

"Na ce ka je. Bana ba irin bara ba ce."

"Gobe, sarauniyar ɓeraye. Gobe da safe."

Goben nan ta kai wata guda da rabi. Tsakiyar Yuli dusar ta fara sauka, a hankali, ba iska ba tsawa, kamar ana tankaɗe gari. Kwana tara ba ta ɗauke ba. Shingen awaki ya ɓace, marmaro ya ɓace, ƙofar gida sai da suka haƙa rami suka fita ta sama. Rana ta goma da gari ya ɗan washe, Nemesio ya ɗaura takalman gora masu faɗi da ake taka dusar da su, ya yafa bargonsa na ulu.

"Yanzu kuma ina za ka?"

"Shanu."

"Lokacin da na ce ka je ba ka je ba. Yanzu na ce kada ka je."

"Ke dai ba a iya miki," ya ce yana murmushi, amma idonsa bai yi murmushin ba. "Ki ɗora ruwan wankin nan naki, kafin ya tafasa na dawo."

Sai washegari da la'asar ya dawo, yana rarrafe, takalmi ɗaya ya ɓata. Ya sami shanun a tsaye cikin kwazazzabon, ƙahoninsu kawai ke waje. Da Eduvina ta yanke masa safa, ta ga ƙafafun fari sol kamar kyandir, ta matsa ba ya ji. Ta jiƙa su cikin ruwa mai ɗumi, ta naɗe da ulu, ta yi duk abin da ta sani. Bayan kwana huɗu yatsun suka yi baƙi, ɗakin ya fara wari.

Maƙwabcinsu Baldomero Ñanco, wanda gidansa ke ƙasa da nasu da tafiyar awa guda, shi ya kutsa har inda ake da rediyon kira ya kai labari. Kwana goma sha biyu bayan haka jirgi mai saukar ungulu ya sauka a filin gaban gida, ya tayar da dusar kamar guguwa. Suka ɗora Nemesio a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Wata ma'aikaciyar jinya ta kama hannun Eduvina.

"Mama, akwai wuri ɗaya. Ɗauko mayafinki mu tafi, ba mu san ranar da za mu sake dawowa ba."

Eduvina ta waiwaya. Awakin sun taru a bakin ramin da ta haƙa musu, suna kallon ta, ba mai ko kuka.

"Wa zai ba su abinci?"

"Mama, ranki ya fi akuya."

"In na bar su, me zan dawo in tarar? Da me zan riƙe shi in an sallamo shi?"

Nemesio ya ɗago kai daga gadon. Zazzaɓi ya busar masa da leɓe. "Bar ta, 'yata. Shekara talatin ina fama, ban taɓa cin ta a gardama ba." Sannan ya dubi matarsa. "Laifina ne, tsohuwa."

"Rufe mini baki. Ka je su gyara ka, ka dawo ka sha zagi da ƙafafunka."

Jirgin ya tashi, ya bar mata buhun garin alkama da kwalin ashana.

Sati biyar ta yi ita kaɗai. Ingiricin da ya kamata ya kai Satumba ya ƙare tun farkon Agusta, don babu ko tsinke a waje da dabba za ta ƙara da shi. Rana ta ɗan fito kwana biyu, saman dusar ya narke, sanyi ya dawo ya daskarar da shi ya zama kamar gilashi. Akuyar da ta gwada tono sai ƙafarta ta tsage, jini ya bi farar ƙasa. Eduvina kan fita da safe da doguwar gora ta sakato gemun tsoho daga rassa, ta wuni ta tara abin da bai cika buhu ba, baki sittin na jira. Ta tono ramin piñon ɗinta ta dafa musu. Ta ba su ɓawon dankali, ta ba su ciyawar katifarta. Suka ci igiya, suka ci gashin juna. Masu ciki suka fara ɓari, kullum da safe ta kwashi 'ya'yan da ba su kai ba ta jefa bayan gida. Goɗiyar Nemesio ta kwanta wata Lahadi, ba ta sake tashi ba.

Wata rana da tsakar rana zakin dutse ya sauko. A da, haushin kare kawai kan kore shi. Ran nan ya zo har bakin shinge, haƙarƙarinsa a waje, yana ɗingishi. Ya dubi Eduvina, ta dube shi, gatari na hannunta. Ya kama wata akuya da dama ba ta iya tsayuwa, ya ja ta a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ga shi ma wurin saukarsa aka shinge.

Abin da ya karya mata zuciya ƙarami ne. Tana haƙa a gefen wani dutse ko za ta kai ga ciyawa, da ta yi zurfin da ya fi tsayinta sai shebur ya faɗa cikin wani sarari. Can ƙasa, tsakanin dusar da ƙasa, akwai 'yan hanyoyi kamar an zana, ciyawa kore shar, ko daskarewa ba ta yi ba. Ta sa hannu ta ji wurin ya fi ɗakinta ɗumi. Ga sheƙa, ga tarin piñon, ga wata ɓera mai ƙiba ta tsaya tana kallon ta. Eduvina ta fashe da dariya ita kaɗai a cikin ramin.

"Kai, 'yar nema! Ashe ke bikinki kike yi."

Dariyar ta juye kuka ba ta san lokacin ba. Abincin na nan, a ƙarƙashin ƙafafun awakinta, faɗin dutsen gaba ɗaya, amma ko shekara za ta yi tana haƙa ba za ta buɗe abin da zai ƙosar da goma ba. Ta kwashe tarin ɓerar tas ta zuba a zaninta. Akuya ɗaya ta cinye shi a loma uku, ta kuma mutu kafin sati.

Da ƙanƙara ta narke a ƙarshen Satumba, tara suka rage mata. Rafi ya cika ya yi ta wucewa da gawarwakin dabbobin mutanen sama, manyan ungulayen dutse suka ƙoshi har suka kasa tashi. Ciyawa kuwa ta fito irin wadda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, har gwiwa, da furanni ja da rawaya ko'ina. Pewen na tsaye, ko reshe bai rasa ba. Ƙadangaru suka fito shan hantsi. Eduvina kan zauna a kan dutse ta dubi awaki tara cikin makiyayar da za ta ɗauki ɗari biyu. Shekarar nan ba wanda ya ji kiranta a kwarin, don tara ba sa nisa.

An yanke wa Nemesio rabin kowace ƙafa. A watan Janairu aka kawo shi a bayan motar itace. Ya zauna a bakin ƙofa kan kujera, bargo a cinya, yana kallon inda ake ɗaure goɗiya. Eduvina ta yi ta tsokanar sa ko zai tanka.

"Ga ruwan wankinka, ranka ya daɗe."

"Na gode," ya ce, ya karɓa ya sha.

Wannan godiyar ta fi mata zagi ciwo. Shekara biyu ya yi a kujerar nan. Kaka ta uku tari ya kama shi, kafin sati biyu ya tafi. Aka binne shi a kan tudun da ke bayan gida.

Daga nan sai shekaru suka juya. Dusar da ta yi ta tsine wa ta fara ƙauracewa. Yuli ya zo da ruwan sama maimakon ƙanƙara, ko ta sauka kwana uku ta narke. Da farko mutane sun yi murna. Eduvina ce ta fara cewa ba alheri ba ne. Ciyawar da ta saba kwana ƙarƙashin farin bargo ta tsaya tsirara, ɗari ya ƙone ta har saiwa. Marmaron da bai taɓa ƙafewa ba ya koma ɗigo tun Janairu, don babu ƙanƙarar da za ta narke a sama ta ciyar da shi. Rassan pewen na ƙasa suka fara yin ja suna bushewa. Ɗan piñon da ya faɗo, aladun daji kan riga mutane.

Baldomero ya same ta wata rana tana kankare busasshen reshe da farce.

"Yaya Eduvina, kin ga abin da nake gani?"

"Na gani. Itacen da ya ga kakan kakana, ni zan ga mutuwarsa."

"Wai da ƙanƙara muna kuka, babu ita muna kuka. Me Allah zai yi mana mu gode?"

"Ya maido mana bakin kogi," ta ce. "Da muna da wurin sauka, ta yi ta zuba har ta gaji."

Garken bai sake wuce ashirin ba. Gwiwoyinta suka kumbura, hawan da take yi kafin shayi ya huce ya koma na rabin wuni. Matasa duk sun gangara gari, gidaje bakwai suka koma biyu. Wata kaka ta zame a bakin rafi da tulun ruwa, ta kwanta nan tun hantsi har Baldomero ya biyo neman ɗan maraƙinsa da yamma ya tsince ta. Sati bai cika ba Zoila ta iso.

"Mama, wannan karon ba shawara na zo yi ba."

"Ji mini yarinya. Yaushe aka haife ki?"

"Shekara arba'in da huɗu ke nan, kuma na gaji da kwana da waya a hannu ina jiran a ce an tsinci gawarki. Baba ya tafi saboda shanu biyu. Ke ma sai kin tafi saboda awaki goma sha bakwai?"

"Sha takwas. Mai tabon nan ta haihu."

"Mama!"

Eduvina ta dubi hannuwanta da ba sa iya damƙe gatari yanzu, ta dubi tarin itacen da ko kwatansa ba ta tara ba ga Afrilu ya ƙarato. Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai tashi ta fara naɗe barguna.

Baldomero ta bar wa awakin. Ta tsaya tana gaya masa halin kowacce, wadda ke cizo, wadda ba ta son a tatse ta ta hagu, har direban motar da ta zo ɗaukar su ya gaji da danna oda.

A Temuco an ba ta ɗaki a bayan gidan Zoila, taga na kallon katangar maƙwabta. Hunturun can ruwa ne da hayaƙin itace, mai sa ido ƙaiƙayi. Mijin Zoila mutumin kirki ne, jikokinta biyu 'yan mata na girmama ta, ba wanda ya taɓa ɗaga mata murya. Tana fere dankali, tana saƙa safa, tana ci in an ba ta. In Baldomero ya bugo waya, takan tambayi abu ɗaya: dusar ta sauka bana? In ya ce kaɗan, sai ta miƙa wa Zoila wayar.

Shekara uku ta yi a haka. Da ta ji jikinta ya fara saki, ta kira Zoila ta ce abu ɗaya take roƙo, a kai ta tudun bayan gida kusa da tsohon, don akwai zagin da ta yi masa alkawari ba ta cika ba. Zoila ta yi dariya da hawaye, ta ce za a kai ta.

Ta rasu cikin watan Agusta, da safe, bayan sati guda ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ruwan ya zabtare gefen dutse ya tafi da gadar da ke kan hanyar kwarin, aka ce gyara sai nan da wata biyu. Ba yadda za a yi a ajiye gawa. Aka binne ta a maƙabartar gari, layi na goma sha ɗaya, tsakanin wani direban bas da wata mata da ba wanda ya san danginta. Baldomero bai sami zuwa ba. Zoila ta ce in hanya ta gyaru za ta nemi izini a mayar da ita gida. An gyara gadar tun shekara huɗu da suka wuce, takardar izinin ce har yau ba ta fito ba.